Ajin Turanci na manya a Manchester: amsa ga ƙanwata mai shirin tasowa

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Allah ya sanya alheri a auren, ya ba da zaman lafiya. Kin ce maigidan yana shirin ɗauko ki daga Kano zuwa nan Manchester, kin gama sakandare amma bakinki na nauyi in za ki yi Turanci, kuma wata ta ce kada ki damu, in kin zo akwai makarantar manya kyauta. Kina son jin gaskiyar maganar.

Makarantar akwai ta. ESOL ake ce mata, wato ajin Turanci na waɗanda ba shi ne harshensu na gida ba. Kwalejoji na koyarwa, hukumar ilimin manya ta birnin ma tana da nata ajujuwan a unguwanni, ga kuma ƙananan zama na hira da ake yi a ɗakunan karatu da masallatai da coci-coci. Amma kyauta ba ga kowa ba ce. Ana duba irin takardar zamanki, da daɗewarki a ƙasar, da kuɗin da ke shigo muku. Wanda aka ba matsayin ɗan gudun hijira yana shiga ba da jimawa ba, mai neman mafaka kuma a Ingila sai ya yi wata 6 yana jiran hukunci. Ke da za ki zo da bizar aure, ki je wajen rajistar makarantar da fasfo da shaidar zamanki su faɗa miki inda kika faɗa. Na masallaci da ɗakin karatu kuwa yawanci ba a biyan ko sisi.

Abin da waccan matar ba ta gaya miki ba shi ne, tun kina gida za a nemi Turancinki. Hukumar shige da fice ta Birtaniya ba ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka ɗauke wa jarrabawa ba, kuma sakamakon WAEC ba ya tsaya miki. Sai kin ci jarrabawar magana da saurare ta matakin A1, wato matakin farko na iya Turanci, a cibiyar da suka amince da ita kafin a ba ki biza. Bizar farko wata 33 ce. Wajen sabuntawa za a nemi mataki na biyu, A2, in an kai shekara 5 ana neman zama na dindindin kuma mataki na uku ne, B1, haɗe da jarrabawar sanin rayuwar ƙasar mai tambaya 24, wadda sai kin ci 18. A watan Mayu na 2025 gwamnati ta bayyana shirin ƙara tsaurara waɗannan matakai, don haka maigidan ya riƙa duba shafin gwamnati da kansa. Kuma ki riƙe wannan da kyau: takardar da ajin ESOL ke bayarwa daban take da ta biza. Ajin zai horar da ke, amma jarrabawar biza wuri na musamman ake zuwa a biya a yi ta.

Yanzu ga inda nake so ki saurare ni sosai. Ki rubuta sunanki a makon farko da kika sauka, ko akwatinki bai gama buɗuwa ba. Masu nema sun fi gurbi yawa, ana iya yin watanni a layin jira, kuma babban ɗaukar ɗalibai a watan Satumba ake yin sa. Ranar farko za a gwada ki, a ɗan yi hira da ke, a ba ki takarda ki karanta ki rubuta, sannan a sa ki a matakin da ya dace. Mai sakandare irinki ba daga ƙasa za ta fara ba.

Na ga mata da yawa da suka ce bari sai sun saba da sanyi, sai sun haihu, sai sun yaye, har shekaru suka shuɗe miji ne bakinsu a ko'ina. Shi zai kira asibiti, shi zai karanta wasiƙar makarantar yara. Ko mutumin kirki ne, aiki zai tafi, ke kuma ga yaro jikinsa ya yi zafi. Ƙarfe takwas na safe ake rububin kiran asibitin unguwa, mai amsa waya tana sauri, da irin harshen mutanen arewacin Ingila wanda bai yi kama da na rediyo ba, tana so ki jero mata haruffan sunanki da ranar haihuwa da lambar unguwa. A aji ainihin wannan ake koya. Malamarmu takan juya kujeru biyu baya da baya, ɗaya ta zama mai amsa waya, ɗaya mara lafiya, a yi ta maimaitawa har tsoron ya fita. Asibiti na samar da tafinta kyauta in kin nema, amma akwai larurar mata da kunya ba za ta bar ki ki faɗa ta bakin wani ba, ko da mijinki ne. Zuwa da kai ya fi aike.

Kada kunya ta hana ki zama cikin manya. A ajinmu akwai 'yan Siriya, Eritriya, Afganistan da Sudan. Wata dattijuwa 'yar Sudan, Bahaushiya ce ma, ba ta taɓa riƙe fensir ba sai a nan. Ranar da ta rubuta adireshin gidanta ba tare da ta kwafa ba, duk ajin muka tashi muna tafa mata, ita kuwa tana share ido da gefen mayafi. A gefenta kuma ga wata da ta yi aikin jinya shekaru a ƙasarta.

In Allah ya kawo yara, wasu wuraren suna da ɗakin reno, kuma yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana samun awa 15 na reno kyauta a mako lokacin karatu.

Kafin ki taso, ki samu wadda za ku riƙa yin hirar Turanci kullum ko ta minti goma ce, ki saba faɗin haruffan sunanki da ranar haihuwarki da ƙarfi. In ranar tafiya ta tabbata ki sanar da ni, ni zan raka ki wajen rajista. Ki gaida min su Hajiya.