Hukuncin ɓoye tsohuwar hujja a shari'ar haƙƙin ƙirƙira

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni injiniya ne a wani kamfani da ke tsara ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamfanin yana da takardar haƙƙin ƙirƙira a kan wata dabarar daidaita agogon ƙwaƙwalwar, kuma yana shirin maka wasu kamfanoni a kotu da zargin sun yi amfani da ita ba izini. Sai na ci karo da wata tsohuwar maƙala da ta bayyana kusan wannan dabarar tun kafin mu nemi rajista. Shugabana ya ce in ja bakina in yi shiru. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Hukunci yana biyo bayan fahimtar abu, don haka mu fara da shi. Ƙwaƙwalwar da ake kira SDRAM tana karɓar bayanai tana sakinsu ne bisa bugun agogon lantarki. Siginar agogon kuwa takan yi ɗan jinkiri kafin ta ratsa cikin na'urar, idan gudun ya ƙaru sai bayanai su fito ba a kan lokacinsu ba. Shi ya sa ake saka wata da'irar lantarki mai suna DLL, wadda take auna jinkirin ta gyara shi. A nau'in DDR ma ana aika bayani sau biyu a bugu ɗaya, da tashin siginar da saukarta. A kan irin waɗannan dabaru ne kamfanin Rambus na Amurka, wanda ya shigar da buƙatar rajistarsa ta farko a 1990, ya shiga shari'a da Infineon da Micron da Hynix tun daga shekarar 2000. An zarge shi da zama a kwamitin JEDEC mai tsara ma'aunin ƙwaƙwalwa har 1996 ba tare da ya bayyana rajistar haƙƙin ƙirƙirar da yake nema ba. Hukumar FTC, mai sa ido a kan harkar kasuwanci a Amurka, ta same shi da laifi a 2006, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2008. Ka ga dai mas'alar ta wahalar da alƙalansu ma, kuma ba nawa ba ne in yanke wa wancan kamfani hukunci.

Asalin haƙƙin ƙirƙira tabbatacce ne. Jumhurun malamai, Malikiyya da Shafi'iyya da Hanabila, suna ɗaukar amfanin da ake samu daga abu a matsayin dukiya, saɓanin magabatan Hanafiyya da suka taƙaita dukiya ga abin da ake iya riƙewa a adana. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba. Wanda ya ɓata shekaru da dukiya har ya gano dabara, wani ya kwashe ta yana sane, to an zalunce shi, kuma ƙararsa halal ce.

Sai dai wannan haƙƙi yana rataye ne da sharaɗin cewa abin sabo ne. Nan ne wurin tsayawa. Annabi (SAW) ya ce wanda ya raya matacciyar ƙasa ta zama tasa, azzalumin dashe kuma, wato wanda ya yi dashe a ƙasar wani, ba shi da haƙƙi, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Abin da ya ba mai rayawa mallaka shi ne bai tarar da kowa a wurin ba. Ilimin da aka riga aka wallafa ya zama na jama'a. Wanda ya kewaye shi ya ce sai an biya shi, ya karɓi kuɗi a kan abin da bai mallaka ba. Allah Ya ce a Baƙara, aya ta 188, kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ƙarya, ku kai su ga mahukunta don ku ci wani yanki na dukiyar mutane da zunubi alhali kuna sane. Ka lura ayar ta ambaci mahukunta, wato har hanyar kotu ta toshe. Hadisin Ummu Salama a Buhari da Muslim ya ƙara fito da shi: wanda ya fi iya zance aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanke masa. Cin nasara a kotu ba ya halatta haram. Ko da waɗanda ake ƙara ba Musulmi ba ne kuma, wannan bai sauya komai ba.

Ka ce "kusan". Wannan kalma tana da nauyi, domin mai yiwuwa maƙalar ta rushe rajistar gaba ɗaya, mai yiwuwa wani sashe kawai ta taɓa, ya zamana kamfaninku yana da haƙƙi a kan ƙarin da ya yi. Tantance wannan aikin masana da lauyoyi ne. Saboda haka kada ka yi gaggawar tuhumar mutanenka da ha'inci, kada kuma ka fitar da sirrin kamfani ga abokan shari'a, domin ka yi alkawarin riƙe amana, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu.

Abin da ya wajaba a kanka, ɗan'uwana, shi ne ka miƙa maƙalar a rubuce ga lauyoyin kamfanin, da kwanan watan da aka buga ta da wuraren da ta yi daidai da dabararku. Nasiha ce ma a gare su, domin a dokar Amurka wanda ya ɓoye wa ofishin rajista irin wannan hujja da gangan yana iya rasa ikon aiwatar da takardarsa baki ɗaya. Haramun ne ka goge ta, ko ka sa hannu a takardar da ke cewa ba ka san da wani abu da ya gabata ba. Idan kotu ta kira ka shaida, dole ka faɗi abin da ka sani, saboda faɗin Allah a Baƙara, aya ta 283, cewa wanda ya ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce. Idan masana suka tabbatar maƙalar ta rushe da'awar amma kamfanin ya nace, ka zare hannunka daga wannan shari'ar ka nemi a mayar da kai wani sashe. Albashinka a kan sauran ayyukan halal bai gurɓata ba.

Wallahu a'alam.