Girman fili daga magana biyu

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce mai filin nan na Danbare ya kira ka a waya, ya ce kewayen filinsa ƙafa 280 ne, kuma tsawon ya fi faɗin da ƙafa 40, kana so ka san girmansa tun kafin mu je da tef. Ɗauko biro.

Abu biyu ne ba ka sani ba, tsawo da faɗi, shi kuma magana biyu ya ba ka, to sun wadatar. Da kewayen kaɗai ya faɗa, da babu yadda za ka yi. Katangar ƙafa 280 za ta zagaye fili mai 70 da 70, wato murabba'in ƙafa 4,900. Ita ɗin dai za ta zagaye siririn lungu mai 120 da 20, wanda bai wuce 2,400 ba. Bulon da za ka kashe ɗaya ne, simintin ma haka, amma fiye da rabin wurin ya tafi. Shi ya sa ba na yi wa kowa lissafin ɗaɓe daga tsawon katanga.

Fili mai kusurwa huɗu tsawo biyu gare shi da faɗi biyu, don haka raba 280 gida biyu. Kira tsawo T, faɗi F, ka rubuta T + F = 140, a ƙarƙashinsa T − F = 40. Haɗa layukan, faɗin sama da na ƙasa su cinye juna, saura 2T = 180. Tsawo 90 ke nan, faɗi 50, girman fili murabba'in ƙafa 4,500.

Amma kada ka yi odar bulo tukuna. Ina yaro kamarka na taɓa sa an sauke na ɓangare huɗu, muka je muka tarar maƙwabci ya riga ya ja katangarsa ta baya. Har yau ina tuna bulon nan jibge a rana da kallon da maigidana ya yi mini. In haka ta faru a nan, tsawo biyu da faɗi ɗaya za mu gina, ƙafa 230. Cire 12 na get, saura 218. Bulo mai inci tara tsawonsa ƙafa ɗaya da rabi ne, kowane layi zai ci wajen 146.

Gobe da sassafe ka taho da tef da igiya da fegi. Za mu auna kusurwa zuwa kusurwa, don ba kowane fuloti aka yanka a miƙe ba.