Tambayi Likitan Dabbobi: Maganin tayirod ne ya taɓa ƙodar kyanwata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kyanwata ta kai shekara 13. Wata da watanni tana ci kamar gara amma sai ƙara ramewa take, ga yawan shan ruwa da kuka cikin dare. Likita ya gwada jininta ya ce tayirod ɗinta ne ke aiki fiye da kima, ya ɗora ta a kan metimazol. Bayan mako uku aka sake gwaji, wai ƙodarta ta taɓu, alhali a gwajin farko lafiya lau take. Maganin ne ya jawo? In daina ba ta? Daga wata mai karatu, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki daina. Galibi ba maganin ne ya lalata ƙodar ba, asirin ciwon ya tona.

Tayirod wata 'yar gaɓa ce a wuya, gefe da gefen maƙogwaro, mai fitar da sinadarin T4. Idan ya yi yawa, zuciya na bugawa da sauri, jini na kwarara ta ƙoda da ƙarfi, sai ƙodar da ta gaji ta riƙa tace jini fiye da yadda za ta iya. Sannan kyanwar ta zube, tsokar jikinta ta ragu, kuma daga tsoka ake samun kiriyatinin, wato abin da ake aunawa a jini don sanin lafiyar ƙoda. Shi ya sa gwajin farko ya fito da kyau. Da magani ya daidaita tayirod, sai ainihin halin ƙodar ya bayyana. Cututtukan biyu na tsofaffin kyanwoyi ne, kuma sukan zo tare.

Wasu kan ce to a bar tayirod ɗin a sama don ƙoda ta samu jini. Wannan dabara ba ta ɓullewa. Yawan T4 na kawo hawan jini, yana kumbura bangon zuciya, kuma a hankali yana ƙara cin ƙodar.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne magani ya wuce kima, T4 ya faɗi ƙasa da iyaka. A nan ƙoda ke shan wuya sosai. Saboda haka a kyanwa irin taki akan fara da miligiram 1.25 sau biyu a rana, a sake gwajin T4 da kiriyatinin bayan mako biyu zuwa uku, a riƙa gyara adadin kaɗan-kaɗan har T4 ya zauna cikin ma'aunin lafiya. Ki roƙi likita ya haɗa da gwajin fitsari: kaurinsa ƙasa da 1.035 alama ce ƙoda ba ta riƙe ruwa. A auna hawan jini ma. Idan ya tsaya sama da 160 akan ba da amlodifin, maganin hawan jini.

A gida, ki ajiye kwanukan ruwa biyu ko uku, nesa da wurin cin abinci, ki sauya ruwan kullum. Abinci mai laushi da ruwa-ruwa ya fi busasshe. Kan kifi da ƙashinsa, da hanta, suna da fosfuras mai yawa, wanda ƙoda marar lafiya ba ta iya fitarwa, a rage su. Amma kada ki hana ta nama kwata-kwata, don kyanwar da ta rame tana bukatarsa.

Idan kin ga amai, ƙin abinci, ko tana susar fuska da wuya har ta ji ciwo, ki koma wurin likita nan take. Illolin metimazol ne, kuma sun fi fitowa a watanni uku na farko. Ki wanke hannu bayan ba ta ƙwayar, mai juna biyu kuwa kada ta taɓa ta. Kuma ko da wasa kada a ba kyanwa farasitamol ko ibuprofen: na farko yana kashe ta, na biyu yana ƙarasa ƙodar.