Liman Zai Karanta Sanarwar "Cuta Ta Ƙare" Alhali Akwai Maras Lafiya A Unguwarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni limamin Juma'a ne. Da annobar mashaƙo ta lafa a garinmu, sai aka kawo mini takarda daga ƙaramar hukuma in karanta a kan mumbari, cewa cutar ta ƙare, kowa ya kwantar da hankalinsa. Amma shekaranjiya na sallaci wani yaro a unguwarmu, ƙanwarsa kuma tana kwance da kumburin wuya. Wani malami ya ce in karanta, ƙaryar maslaha ce. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaron, ya ba ƙanwarsa lafiya.

Malam liman, da ba ka ambaci yarinyar nan ba, da na ce ka karanta, domin biyayya ga hukuma cikin alheri babu saɓani a kanta. Amma kai ka gani da idonka. Mai yiwuwa labarin unguwarku bai isa ga wanda ya rubuta takardar ba, yana da uzuri. Kai ba ka da shi. Kalmar "ta ƙare" ba ta halatta a bakinka ba.

Maganar ƙaryar maslaha kuwa ban yarda da ita ba a nan. Rangwamen da ya zo a hadisin Ummu Kulsum bint Uƙba a wuri uku ne: yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da mata. Waɗanda suka faɗaɗa shi, irin su Imam Gazali, sun sa sharaɗi: sai idan ba a iya kaiwa ga alherin ta hanyar gaskiya. To, a nan ana iyawa. Ka ce cutar ta ragu ƙwarai, akwai magani, rigakafi kyauta ne. Duk gaskiya ne, kuma yana sanyaya zuciya. Sannan wace maslaha ce uwa ta ji daga mumbari cewa babu sauran cuta, ta bar ɗanta a ɗaki tana ba shi jiƙo? Mashaƙo numfashi yake toshewa, ba ya jira. Ka kuma duba aya ta 83 a Suratun Nisa'i: ba masu yaɗa labarin tsoro kaɗai aka zarga ba, har da masu yaɗa labarin aminci ba tare da tabbaci ba.

Mu nan mun ga ranar da amana ta karye. Gwajin maganin kamfanin Pfizer a kan yara a Kano a 1996 yana cikin abin da ya sa jama'a suka guji rigakafin shan inna a 2003, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Idan aka kama mumbarinka da ƙarya sau ɗaya, wa zai saurare ka ranar da za ka ce a kai yara allura?

Sai dai kai ma ka yi hattara. Ba kowane kumburin wuya ne mashaƙo ba, hangum ma yana kumbura shi, kuma kai ba likita ba ne. Kada ka hau mumbari kana ƙaryata hukuma, kada ka zuba sunan gidan a WhatsApp. Yau, kafin Juma'a, ka je wurin mahaifin da kanka, ka lallashe shi a kai yarinyar asibiti, a duba sauran yaran gidan. Ka sanar da dagaci da jami'in lafiya, ka roƙe su a gyara lafazin takardar. In sun ƙi, ka karanta abin da ka san gaskiya ne a cikinta, ka bar sauran.

Wallahu a'alam.