Me ke sa daraktan wasanni a sakandaren Amurka ya yi nasara?

Malam, ka tambayi yadda ƙwararrun daraktocin wasanni na sakandaren Amurka ke jan ragama. A ganina, komai yana farawa ne daga zaɓen koci. Darakta nagari kan nemo mai tarbiyya, ya sakar masa mara ya yi aikinsa, sannan ya tsaya masa ranar da uba ya zo ofis a fusace don an bar ɗansa a benci.

Sai karatu. A Texas, tun 1984 doka ta dakatar da ɗalibin da ya faɗi darasi daga buga wasa, shi ya sa darakta kan bi malamai aji-aji yana duba maki. Dokar tarayyar Amurka ta 1972 mai suna Title IX kuma ta wajabta masa yi wa 'yan mata adalci a filin atisaye, kayan wasa da lokutan gasa.