Zama ne ke cinye tayar tarakta, ba aiki ba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce tun da aka gama girbin dawa ka ajiye taraktarka a filin gida, yanzu ga gefen tayoyin baya ya tsattsage kamar faso, har wani ya ce ka shafa musu baƙin mai. Don girman Allah kada ka shafa. Baƙin mai da gas da giris duk suna cin roba. Za ka ga ta yi sheƙi kwana biyu, amma lalata ta kake yi.

Na daɗe ina tuƙin Massey Ferguson a gonakin Gadarif da ke ƙasar Sudan kafin in dawo gida Mai Wurno, kuma abin da na gani shi ne tayar da ke aiki ta fi wadda ke zaune lafiya. Masu ƙera taya suna cuɗa wani irin kaki da magani a cikin robar. Idan tana birgima tana lanƙwashewa, maganin yana fitowa saman fata ya kare ta daga rana da iskar ozon, wata iska mai tsattsaga roba. Idan ta tsaya wuri guda, na saman ya ƙare, na ciki bai fito ba. To dubi yadda muke yi: daga girbi har saukar ruwa wajen watan Yuni ko Yuli tarakta tana tsaye, kuma a tsakanin nan ne zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40.

Ni ma ta taɓa ci na. Wata shekara na bar tawa jikin katanga, ɓangare guda yana kallon yamma. Da damina ta kawo kai na durƙusa na danna gefen tayar da babban yatsa, sai ga tsaga ta buɗe baki, ina hango zare fari a ciki. Ta ɓangaren inuwa kuwa lafiyarta lau, alhali rana ɗaya aka saye su. Kuɗin iri na wannan shekarar a taya ya tafi, har yau abin yana min ciwo.

Tun daga nan, da an gama aiki nake wanke baƙar lakar nan da ruwa da sabulu kawai, in bar su su bushe. Sai in shigar da taraktar rumfa, ko ta kara ce ta wadatar. In babu, rufe tayoyin da tsofaffin buhuna ko tampol mai haske. Baƙar leda kam a'a, zafi take tarawa. Kada kuma ka ajiye ta kusa da injin walda ko janareta, su ma suna fitar da ozon ɗin.

Maganar iska ita mutane suka fi yi wa sakaci. Tayar da ta yi sanyi tana zaune da nauyin tarakta a kanta, daidai inda cikinta ya bultso nan tsaga ke farawa. Sayi geji naka na kanka, ka riƙa aunawa, ka bi abin da littafin tarakta ya ce. Bugun ƙafa ba awo ba ne. In kana da jak, ɗaga ta ka ɗora a kan gungume. In ba hali, duk sati biyu ka tayar da ita, ka zaga unguwa har robar ta ɗumama, ka tsaya a wani gefen tayar daban. Batir ma zai amfana.

Su waɗannan da suka riga suka tsage, ba maganin da zai haɗe su. Idan tsagar ta sama ce, ba ka ganin zare, za su yi maka damina a gona. Idan zare ya bayyana, kada ka hau kwalta da su da tirela cike da buhuna, kuma in an kai su wurin mai faci, wato banshar, a tsaya gefe lokacin ba su iska. Wajen zaunar da taya a kan rim ba a wuce PSI 35 a geji.

In za ka sayi sabuwa, nemi lamba huɗu a gefenta: 2319 na nufin sati na 23 a shekarar 2019. Wata a shago ta tsufa tun ba ta taɓa ƙasa ba. Turo mana hoton tsagar daga kusa, ka danna ta da yatsa, sai mu ga zurfinta.