Amsa ga ɗana mai son zuwa Alƙahira aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa

Ɗana, saƙonka ya iso, har da bidiyon sabuwar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ka haɗo. Ka ce ka gama sakandare, kana so in nemo maka gurbin karatun injiniya a nan Alƙahira, kana karatu kana ɗan taɓa aiki a wurin haƙar ramin don ka riƙe kanka, in ka gama kuma su ɗauke ka. Kai ne na huɗu da ya turo min irin wannan magana daga gida tun bayan babbar sallah. Shi ya sa zan amsa a fili kowa ya karanta, kada gobe Yaya, mahaifiyarka, ta ce ƙaninta ya samu wuri ya ja ƙofa ya rufe.

Tashar da ka gani tana ƙyalli, ni na san irinta tun tana rami cike da ruwa da taɓo. Abin nan da Masarawa ke kira metro, tun 1982 aka sa masa hannu, da bashin Faransa da injiniyoyinta. Layi na farko ya fara ɗaukar mutane a watan Satumba na 1987, kuma shi ne na farko a duk Afirka. Ko shi ɗin ma kada suna ya ruɗe ka. A cikin kilomita 44 da ke tsakanin Helwan da El-Marg, abin da ke ƙarƙashin ƙasa bai kai biyar ba. Da ma akwai tsofaffin layukan dogo biyu, ɗaya ta kudu, ɗaya ta arewa maso gabas, sai aka tsaga titunan tsakiyar gari, aka gina rami, aka rufe, aka haɗa su. Layi na biyu, daga Shubra El-Kheima zuwa El-Munib, kashi-kashi aka yi ta buɗe shi daga 1996 har 2005, kuma shi ya fara ratsawa ta ƙarƙashin Kogin Nilu.

Layi na uku shi ne na zamanina. A 2007 aka fara shi. Da na sauka a 2008 na tarar an kewaye titunan Abbasiyya da langa-langa, ƙura ko'ina, motocin kankare suna kai da kawowa har tsakar dare. Kashi na farko, daga Attaba zuwa Abbasiyya, tasha biyar ce kacal, kilomita huɗu da 'yan kai, tafiyar da saurayi kamarka zai yi a ƙafa cikin awa guda. Sai a watan Fabrairu na 2012 aka buɗe shi. A 2014 ya kai Heliopolis, a 2020 ya kai tashar Adly Mansour, a 2022 ya bi ta ƙarƙashin Zamalek ya ɓulla Kit Kat. Reshen da ya ƙare a Jami'ar Alƙahira sai a watan Mayu na 2024. Na zo garin nan ina saurayi, ranar da na fara hawa wannan reshen kuwa 'yata ta fari ce riƙe da hannuna. Shekara goma sha bakwai ke nan ana gina layin, a ƙasar da ke da hukuma guda tun 1983 wadda aka kafa musamman don aikin ramuka.

Kada ka ɗauka lalaci ne ya ja aikin. Ƙasar Alƙahira ba irin tamu ba ce mai marmara da dutse. Yashi ne da laka da kogi ya shekara dubbai yana jibgewa, in ka haƙa 'yan mitoci kaɗan ruwa ya tare ka. Kafin a haƙa tasha sai an fara yanka wani siririn rami mai zurfin gaske a kewayenta, a cika shi da kunun wata laka da ake kira bentonait don kada gefensa ya rufta, a zura ragar rodi, a zuba kankare daga ƙasa yana turo kunun sama. Sai bangon ya kewaye wurin sannan a kwashe ƙasar ciki. Injin haƙa ramin kansa ma da irin wannan kunun yake tokare ƙasar da ke gabansa, yana tafiya yana jera zoben kankare a bayansa. In ƙarfin tokarewar ya ragu, ƙasar sama ta zauna, gidaje su tsage. In ya yi yawa, kunun ya ɓullo a titi. A 2009 titi ya rufta a Bab El-Sha'riyya a kan hanyar injin, aikin ya tsaya tsawon lokaci. A watan Yuli na 2020 wani dogon bene a Zamalek ya zauna kusa da inda ake haƙa, aka kwashe mazaunansa.

Aikina na farko a wannan fage shi ne auna irin wannan zaman. Ana kafa ƙananan ƙusoshi a jikin gidajen da rami zai bi ta ƙarƙashinsu, mu kuma mu bi su da na'urar safiyo, mu rubuta ko gini ya sauka da milimita ɗaya ko biyu. Da dare muka fi yi, don da rana motoci ba sa bari na'urar ta tsaya cak. Ina tuna wani dare na hunturu, yatsuna sun ƙage a jikin sandar awo, wata tsohuwa ta leƙo daga hawa na uku ta sauko min da shayi a kwando da igiya, tana tambaya ko gidanta zai kai safiya. Na duba littafin awon, na ce mata bai motsa ba. Har gobe ban yi aikin da na ji nauyinsa a wuyana kamar wannan ba.

To, ga inda maganarka ta karye. Iƙamar ɗalibi, wato izinin zama, ba ta ba ka damar aiki ba. Dokar ƙasar nan ba ta yarda baƙi su wuce kashi goma cikin ɗari na ma'aikatan kamfani ba, kuma sai kamfanin ya nema maka izini ya biya kuɗi. Manyan da suka haƙa layi na uku, irin su Arab Contractors da Orascom da Vinci da Bouygues, baƙon da suke kawowa ƙwararre ne da ya shekara ashirin a cikin rami. Yaro sabon gamawa kuwa, jami'o'in Masar na yaye dubbai kowace shekara, 'yan ƙasa, masu katin ƙungiyar injiniyoyi, masu kawu a ofis. Me zai sa a tsallake su a ɗauke ka?

Ni da na gama a 2014 shekara uku na yi ina yawo da takarduna. Ƙarshe wani ƙaramin ɗan kwangila, ba cikin waɗancan manyan ba, ya ɗauke ni ba takarda. Wata huɗu ya riƙe min albashi. Da na matsa, ya dube ni a gaban leburori ya ce in ina da ƙarfin hali in kai ƙara, a tambaye ni izinin aikina. Na cire hular kwano na ajiye masa a tebur, na taka a ƙafa har gida don ko kuɗin tikiti ba ni da shi. Ban taɓa gaya wa mahaifiyarka wannan ba, a nan za ta fara ji. Izinin da nake aiki da shi yau, a wani ofishin gwajin ƙasa, sai bayan shekara shida da gamawa na same shi, kuma ba wanda ya yi min hanya. Littattafan awona ne suka shige min gaba, don ban taɓa cika lambar da ban gani da idona ba.

Sai kuɗi. Kuɗin makarantar baƙi, waɗanda ake kira wafidin, da dala ake biya, kuma injiniya shekara biyar muka yi a zamaninmu. Ka tambayi Baba nawa dala take a Wapa yau, ka ninka. Rayuwa ma ba ta da araha irin ta da. Tikitin metro fam ɗaya ne na kuɗin Masar har 2017, a je ko'ina. Aka mai da shi biyu, a 2018 aka koma biya gwargwadon yawan tasha, tun daga nan kuma hawa yake yi. Duk ejan ɗin da ya ce maka za ka riƙe kanka da aikin gefe, kuɗinka yake so.

Larabcin Islamiyya da kake taƙama da shi zai taimake ka a masallaci da wurin cika takarda. A aji littafin na Turanci ne, malami kuma ya yi bayani da Larabcin titi. A bakin rami ma da shi ake ihu in ƙugiya ta sauko, kuma wanda bai ji ba shi ake kaiwa asibiti. Ka kuma shirya wa ranar da wasu yara za su kira ka da launin fatarka a cikin tarago cike da mutane, kowa ya kau da kai. Ba kullum ba ne, amma shekara goma sha bakwai ban saba ba.

In duk da haka Baba zai iya ɗaukar nauyinka har ka gama, ba tare da an sayar da gona ba, to ka zo, don ilimin yana nan. Tsangayar injiniya ta Jami'ar Ain Shams tana Abdou Pasha, tashar layi na uku na bakinta. Ana haƙa layi na huɗu yanzu da bashin Japan, ta ƙarƙashin titin Haram, zai wuce ta wajen dalar Fir'auna ta Giza da sabon gidan tarihi. Ka karkata ga ilimin ƙasa da harsashin gini, ka nemi horon hutu a wurin haƙa ko da ba za a ba ka sisi ba, ni kuma zan sa ka a gaba in nuna maka yadda ake karanta awo. Da niyyar komawa gida za ka zo, ba da niyyar albashin nan ba.

Ka turo min sakamakon WAEC ɗinka, in ga lissafi da fiziks tukuna. Ka ce wa Baba zan kira shi ranar Juma'a bayan la'asar, kuma da shi zan yi maganar kuɗi, ba da kai ba. Ka gaida Yaya, ka ce ta yi haƙuri da abin da ta karanta.